Awon Feshi a Bangon Gabas

Farantin farko da na kafa a jikin bango, a Daudawa na kafa shi, kuma a karkace ya zauna. Malam Danjuma, wanda aka ba ni in koyi aiki a hannunshi, ya ja da baya ya dube shi. Ya ɗauko buta ya watsa ma bangon ruwa. Rabin ruwan ya bi tiyo ya shiga kwalba, rabi ya zurare ta gefe ƙasa ta shanye. Ya miƙo mani butar ya ce, "Cire. Sake."

Ku da kuke zuwa mani yanzu da kwamfuta a jaka, kuna nuna mani hoton gida iska tana zagaya shi da ja da shuɗi, kuna cewa aiki ya yi sauƙi, ban ƙi taku ba. Hoton yana da kyau. Amma kafin mutum ya yarda da shi, sai an samu wanda ya tsaya gaban bango na gaske, ruwa na gaske ya doke shi, ya auna ya ce e haka ne, ko a'a ba haka ba ne. Wannan ita ce sana'ar da na yi. Sunana Sale, amma daga Kankara har Sabuwa Mai Awo ake ce mani.

Ba karatu ya kai ni ba. Mahaifina mai gyaran bokiti da fitila ne a kasuwar Kankara, ni kuma da na gama firamare sai na zauna ina riƙe mashi darma. Wata ranar kasuwa wani dogon mutum ya zo da zane a takarda, yana son a ƙera mashi farantai na kwano masu leɓe, kowane da ɗan bututu a ƙasa. Shi ne Injiniya Kabir, daga wani ofishin binciken gine-gine a Zariya. Na tambaye shi ko na shanya ne. Ya ce na tara ruwan sama ne, amma ba wanda ke faɗowa ƙasa ba, wanda iska ke korowa ya doki bango. Na ce, "Feshi ke nan." Ya ce, "Shi fa." Da ya dawo karɓar kaya ya ga liƙin da na yi bai yoyo, ya ce ma Baba yana neman mai hannu irin wannan da ya iya rubuta lamba. Baba ya ce in tafi.

Lokacin kuɗin mai ya buɗe. Ko'ina ka juya gini ake, asibiti, ofis, musamman azuzuwan makaranta, don gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi karatu. Siminti ya yi wuya, sai an bi layi. Shi ya sa Injiniya ke son a riƙa gina azuzuwan ƙauye da tubalin ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti kaɗan, a matse shi a inji. Tubali ne mai ƙarfi in yana bushe. Abokin gabarshi ruwa. Tambayar ita ce, yaya tsawon bakin kwanon rufi zai leƙo don ya kare bango daga feshi, ba tare da ya yi tsawon da iska za ta shiga ƙarƙashi ta yaye shi ba. Kwamfutar Zariya ta yi lissafi ta ba da amsa. Mu aikinmu mu gano ko amsar gaskiya ce.

Sau ɗaya na taɓa ganin kwamfutar. Ɗaki guda ta cika, da sanyi kamar cikin randa, ba a shiga da takalmi. Ba a danna mata komai ta nuna hoto. Katuna masu huji ake jera mata a akwati, ka bari, ka dawo washegari ka karɓi doguwar takarda cike da lambobi. Injiniya ya buga akwatin da yatsa ya ce mani, "Sale, wannan ba ta ƙarya. Amma abin da aka faɗa mata kaɗai ta sani."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Farantai a jikin bango, sama da tsakiya da kusurwa, kowane da tiyo zuwa kwalba. Ma'aunin ruwan sama a fili. Gilashin awo mai zane-zane. Sikeli mai kyau, da tanda ta kananzir. Sai babba a cikinsu, dogon ƙarfe da aka ɗaure da wayoyi, a kanshi kofuna uku masu juyawa da kibiya mai nuna inda iska ta fito, a gindinshi akwati mai allura da ke zana ƙarfin iska a takarda. A jikin bangon gwaji akwai tubalan da ba a liƙe ba, ana zaro su kamar aljihun tebur. In ruwa ya ɗauke ka zaro ka auna, ka gasa a tanda har ya daina rage nauyi, ka sake aunawa. Bambancin shi ne ruwan da ya sha.

Damina guda na yi ƙarƙashin Malam Danjuma. Tsoho ne da ya daɗe yana auna ruwa a gonar gwamnati tun ina cikin zane. Shi ya koya mani in durƙusa in daidaita ido da bakin ruwa a gilashi, kada in leƙa daga sama. Shi ya koya mani ɗiga man gyaɗa a kwalba don kada rana ta sha ruwan kafin in iso. Zanzaro na son gina ɗaki a cikin tiyo, ƙadangare na faɗawa kwalba, awaki na tauna roba, yara kuma in sun ga kwalba ba komai sai su tausaya maka su zuba mata ruwan rijiya. Duk sai ka zagaya kullum. Abin da ya fi nanatawa shi ne, in ka je ka tarar ba ruwa, rubuta sifili. In ba ka je ba, ko wani abu ya lalace, bar wurin fili. "Sifili awo ne," in ji shi. "Fili kuma gaskiya ne. Kada ka ba ɗaya rigar ɗaya."

Kada ku ɗauka kullum mai awo ke da gaskiya. A Daudawa kwamfuta ta ce kusurwar bango ta sama ita ta fi shan feshi, kwalabena kuma suka ce tsakiya. Muka yi ta kai da komo. Injiniya ya zo da kanshi ya hau tsani ana yayyafi, ya sauko ya ce leɓen farantin kusurwa ya yi tsawo, yana tare ɗigon da ke zuwa a gicciye. Na rage leɓen da almakashi. Ruwan gaba kwalbar kusurwa ta fi kowace cika. Kwamfuta ta ci wannan.

Masu zuwa wurinmu iri biyu ne. Akwai mutanen ma'aikata, su takarda suke so mai hatimi. Akwai 'yan kwangila, su kuma jiya suke so a ba su. Babbansu a yankinmu Alhaji Nadabo, mutum mai fara'a, ba mugu ba ne, gaggawa ce kawai ta yi mashi yawa. Yakan tsaya da mota ya ce, "Mai Awo, har yanzu kuna tarar ruwa a kwalba? Mutane na can suna gini."

Mummunar shekarar ita ce ta biyu. An gina mamu bangayen gwaji a wani ƙauye yamma da Tafoki, ba sai na faɗi sunanshi ba, a filin da za a yi makaranta. Malam Danjuma ya tsufa da hawa keke, aka bar ni ni kaɗai. Ruwan shuka ya sauka da kyau, kowa ya shuka, dawa da masara suka fito. Sai sama ta ɗauke. Hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, kofunana su yi ta juyawa har suna kuka, sannan hadarin ya watse ko ya karkata ya zuba a wani gari. Shuka ta fara naɗewa. Aka fita roƙon ruwa, har da ni. Aka sake fita.

Na fara lura mata masu zuwa rijiya sun daina bi ta filin. Mai kawo mani fura ta daina. Ranar nan bayan azahar aka ce Mai Gari na kira. Na tarar da shi a zaure da liman da dattawa, waje kuma cike da matasa.

Ya ce, "Malam Sale, abin nan naka mai juyawa, mi yake yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, iska yake aunawa. Ba ya da inji. Iskar ce ke juya shi, ba shi ke kawo ta ba."

Liman ya ce, "Mun sani ruwa na Allah ne. Na faɗa masu a masallaci."

Mai Gari ya ce, "Ni ma na sani. Amma ka ji waje." Muka ji hayaniyar. "Mutanen ga sun zuba irin da ya rage masu a ƙasa. Suna ganin hadari ya taso, abinka ya yi ta fifita, hadari ya tafi. Ban ce kai ne ba. In na ce masu su bari, yau za su bari, gobe ban sani ba. Gara ka sauke shi da hannunka, da su sauke maka."

Ba wayar tarho. Zariya kuwa tafiyar yini ce in ka samu mota. Na ce a ba ni mutum huɗu su riƙe wayoyi. Muka kwantar da ƙarfen a hankali, na kwance kofunan na naɗe a tsumma, aka ajiye a zauren Mai Gari.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Irin ruwan da ake kwatance da shi. Iska daga gabas ta karya rassan ɗorawa, feshi na tafiya a kwance. Kwalabena duk suka cika, wasu suka tumbatsa. Gari ya ɗauki murna, har da masu zuwa yi mani godiya. Amma awon feshi ba tare da awon iska ba, ba abin da za ka gwada da lissafi, don lissafin cewa yake in iska ta kai kaza, bango zai sha kaza. Kuma bayan wannan ruwa babu mai barin in sake tayar da ƙarfen a garin. Damina ta ƙare ina da kwalabe cike da layin iska fili.

Da Injiniya ya zo ya daɗe yana duban takardun. Ya ce, "Ba ka iya ƙiyasta ƙarfinta? Kai da ka tsaya cikinta?"

Na ce, "Zan iya cewa mai ƙarfi ce."

Ya ce, "Haka ne. Bar shi fili." Ya je ya gaida Mai Gari, bai yi maganar ƙarfe ba.

Ma'aikata ba ta jira mu ba. Yara na nan an rubuta sunayensu, dole a samu aji. Aka matsa ma Injiniya ya ba da zanen da kwamfuta ta fitar. Ya ba da, ya rubuta a ƙasa cewa ba a gama gwadawa ba. Da rani Alhaji Nadabo ya gina jeri biyu na azuzuwa a filin nan, daidai yadda zane ya ce, bai rage ba bai ƙara ba. Mu kuma aka mayar da gwajinmu Sabuwa, bayan gari, inda ba mai ganin kofuna sai shanu.

A Sabuwa damina ta yi albarka, muka samu awo cikakke. A saman bango da tsakiyarshi, lambobina da na kwamfuta kamar an kwafa. Bakin kwanon yana kare bango yadda aka ce. Amma tubalan ƙasa, daga gwiwa zuwa ƙasa, sai nauyi suke ƙarawa, kuma ba sa bushewa tsakanin ruwa da ruwa. Lissafi ya ce nan ne ya kamata ya fi ko'ina bushewa. Injiniya ya fara zargin sikeli, muka gwada shi da duwatsun awo, lafiya lau. Ya zargi tanda, ita ma lafiya. Sai ya ce in kafa faranti a can ƙasa, kusan taɓa ƙasa, inda ba mu taɓa sawa ba. Ruwa na gaba kwalbar ta cika da ruwa ja mai laka.

Ya riƙe kwalbar yana kallo, ya ce, "Wannan ba daga sama ya zo ba." Ruwan da ke zubowa daga bakin kwano yana dukan ƙasa ya fallatsu ya koma jikin bango, sauran kuma ya kwanta a gindi tubali na tsotsa. A lissafin, ɗigo in ya taɓa ƙasa ya mutu. Ba wanda ya faɗa ma kwamfuta cewa yana tashi.

Ya ajiye kwalbar ya ce, "Ɗauko wuƙarka. Shiga mota."

Marka ta kama sosai lokacin, hanya ta lalace, sai da muka tura mota a wurare. Mun isa makarantar da Alhaji Nadabo ya gina ana cikin darasi, yara na bin malami da ƙarfi. Muka zaga bayan jerin gabas. Daga sama bangon tsaf. Na durƙusa na sa wuƙa a tubalin ƙasa, ta shige har ƙota kamar a tuwo.

Hedimasta, Malam Isiyaku, ya fito yana tambaya lafiya. Injiniya ya nuna mashi wuƙar ya ce a fitar da yara yau.

Malam Isiyaku ya ce, "Yallaɓai, in kai su ina cikin ruwan nan? Da ƙyar muka shawo kan iyaye suka kawo su. In na sallame su ba za su dawo ba. Kuma ba ni da izini daga ofis."

Injiniya ya ce, "Ni na sa hannu a zanen nan. Ka ce ni na ce."

Muka je wurin Mai Gari. Ya saurara, ya taso da kanshi ya zo ya sa yatsa a ramin wuƙar. Ya ba da zaurenshi da rumfar da ake tara auduga, aka kwashe bencina kafin la'asar. Washegari Alhaji Nadabo ya iso ranshi a ɓace, yana cewa za a ɓata mashi suna, shi abin da aka zana ya gina. Injiniya ya ce gaban kowa, "Gaskiya ne, Alhaji. Ginin ba laifinka ba ne." Alhaji ya durƙusa da babbar rigarshi ya taɓa bangon. Da ya miƙe ya ce ma direbanshi ya je ya kawo tifa da dutse.

Muka fara da jerin yamma, don shi bai yi laushi sosai ba, ana iya ceto shi. Mutanen gari suka fito. Muka haƙa lambatu ya janye ruwa, muka jera dutse a gindin bango, muka yi mashi dakali mai gangara da siminti. Jerin gabas kuwa muka tokare shi da itace, muna jiran mu gama wancan.

Bai jira mu ba. Da hantsi ne, ranar makaranta, hadari ya taso daga gabas. Muna fake a jerin yamma muka ji wani nishi, sannan bangon gabas ya zauna. Bai faɗi gefe ba, gindin ne ya murƙushe, sama ta biyo shi, rufi ya rufta a kan inda bencina suke da.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba sai ga wata mata daga rugar Fulani a guje, ba ko mayafi. Ita ba ta ji an mayar da yara cikin gari ba. Ta faɗa kan ɓaraguzan tana yaye kwano da hannu tana kiran "Jaɓɓi! Jaɓɓi!" Ana gaya mata ba kowa ciki, ba ta ji. Malam Isiyaku bai tsaya lallashi ba. Ya aika aka kawo yaran duka, ya jera su a filin cikin yayyafi, ya fara kiran suna da ƙarfi. Kowane yana amsawa. Da ya zo kan sunan ɗanta, yaron ya ce, "Na'am." Ta juyo, ta zauna a cikin laka inda take. Malam Isiyaku ya ci gaba da kira har ya kai ƙarshe.

Injiniya ya taɓa ni a kafaɗa ya ce, "Sale, ɗebo tubali. Na ƙasa, na tsakiya, na sama. Kada ka haɗa su, kuma kada ka bari su sha iska." Na ɗebo, na naɗe kowane a leda, na auna su a bayan mota kafin rana ta sake fitowa ta busar da su.

Da waɗannan lambobi da na Sabuwa aka sake huda katunan. Aka koya ma kwamfuta cewa ɗigo na tashi, tubali kuma na tsotso daga ƙasa. Damina ta gaba muka sake gwadawa, lissafi da kwalba suka zo kusa da juna daga sama har ƙasa. Sai a lokacin Injiniya ya cire rubutun nan na ƙasan zane. Sabon zanen ya ce harsashin dutse har gwiwa, da dakali, da lambatu. An sake gina jerin gabas a kanshi, da wasu azuzuwa wajen Mairuwa da Sabuwa, kafin kuɗin mai ya ja baya a rufe aikinmu. Ni na koma duba gine-gine a ƙaramar hukuma har na yi ritaya.

Wasu azuzuwan suna nan. An canza masu kwano, an canza ƙofofi. In hanya ta kai ku, kada ku duba daga cikin mota. Ku bari sai marka, ku zaga bayan bangon gabas, ku durƙusa ku sa hannu a gindinshi.